Gida a Bayan Takarkari: Tarihin Ɗakuna Masu Naɗewa da Maginansu

Shimfiɗa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin ɗaki mai taya wanda ake ƙulla shi a bayan ƙaramar mota ana ja. Idan an isa inda za a yada zango sai a buɗe shi, ya tashi ya zama ɗakin kwana mai gado da wurin girki, in an tashi tafiya kuma a naɗe shi ya koma kamar babban akwati. Suna kiransa karaban, kalmar da ta samo asali daga Farisanci, ma'anarta ta farko kuwa ita ce ayari. Masu sha'awar wannan abu suna da ƙungiyoyi da mujallu, kuma sun adana sunayen waɗanda suka fara ƙera shi, da garuruwansu, da shekarun da suka yi aikin.

To ni mutumin Lambara ne, a kan hanyar da ta fito daga Sakkwato ta bi Boɗinga ta nufi Shagari. A ƙasarmu gida mai naɗewa ba baƙon abu ba ne. Tun kafin a san mota ana naɗe gida a ɗora wa takarkari ko jaki ko raƙumi, a sauke shi a wani wuri, a kafa, a kwana a ciki a daren nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura tarihin wancan na Turawa cike yake da sunaye, namu kuwa babu suna ko ɗaya, alhali maginansa suna nan a cikinmu, kuma kusan dukansu mata ne. Zan fara da na Turawa a taƙaice domin mai karatu ya samu abin gwadawa, sannan mu dawo gida.

Waɗanda aka rubuta sunayensu

Mutumin da ake ambata a matsayin wanda ya fara mallakar irin wannan ɗaki domin yawon shaƙatawa shi ne Dokta William Gordon Stables, likitan sojan ruwa kuma marubuci ɗan Sukotlan. A 1885 wani kamfanin ƙera kekunan doki a birnin Bristol na Ingila ya ƙera masa nasa, dawaki biyu ke jan sa. Wannan ba ya naɗewa, ƙaton ɗaki ne na katako a kan ƙafafu. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919, wani uba da ɗansa masu suna Riley suka fara ƙera waɗanda mota ke ja domin sayarwa, a kamfanin Eccles da ke Birmingham.

Daga nan ne matsala ta fito. Motocin talakawa na wancan zamani ƙanana ne marasa ƙarfi, dogon ɗaki kuwa iska na tare shi a hanya, yana shan mai, yana tangaɗi, sannan in an dawo gida babu inda za a ajiye shi domin ba ya shiga gareji. Maganin da maƙera suka samo shi ne a gajarta shi lokacin tafiya, a ɗaga shi lokacin zama. A Jamus, wani ɗan kasuwa mai yawon tallar bulala da sandunan wasan ƙanƙara, Arist Dethleffs, ya ƙera ɗaya a garin Isny a 1931, mai rufin da ake ɗagawa a sauke. Dalilinsa kuwa shi ne Fridel, mace mai zane wadda ya aura, ta gaji da doguwar tafiyarsa, tana son ta riƙa bin sa ba tare da ta bar sana'arta ba. A Faransa, inda aka ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi tun 1936, jama'a suka koyi fita da iyali lokacin bazara, sai wani kafinta na yankin Mayenne mai suna Constant Rousseau ya fito da nasa a 1961, mai bangaye masu ƙarfi da ke kwanciya su miƙe a kan maɗauri. Daga shi aka samu kamfanin Rapido. A Amurka, Lloyd Bontrager ya kafa Jayco a jihar Indiana a 1968, a gonarsa ya fara aikin, abin da ya ɗaukaka shi kuwa wata dabara ce ta ɗaga rufin cikin sauƙi, gadaje su zaro ta gaba da baya a ƙarƙashin tamfol.

Mai karatu zai lura kowannensu yana da suna, da shekara, da gari. Ba don sun fi kowa basira ba ne. A ƙasashensu duk wanda ya ƙirƙiro abu yakan yi masa rajista, ya kafa kamfani, ya buga talla a jarida, takarda kuwa ba ta mantuwa.

Bukkar Fulani

A yaren Fulfulde ɗaki shi ne suudu, gida gaba ɗaya da dabbobinsa kuma wuro, mu Hausawa muna cewa bukka da ruga. Magidanci ana kiransa jom wuro, matarsa kuma jom suudu, wato mai ɗaki. Wannan kira ba na ladabi kawai ba ne, gaskiyar lamarin ke nan. A al'adar makiyaya namiji ba shi da ɗakin kansa. Shi yake zaɓar inda za a sauka, ya kafa garke, ya ɗaure dangwali, amma ɗaki matarsa ce ke kafa shi, ita ke kwance shi, kuma nata ne.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya ga yadda ake yin sa, domin bayan an yi girbi Fulani kan sauka a gonaki, shanu su ci kara da harawar da ta rage, su bar wa mai gona taki. Tun ina yaro nake kallon aikin. Matar za ta share wuri ta zana da'ira, ta tona ƙananan ramuka a kewaye, ta kafa sanduna masu lanƙwasa irin na geza, ta tanƙwaro kawunansu su haɗu a tsakiya ta ɗaure da igiyar kalgo ko ta rama. Sannan ta kewaya da wasu sandunan a kwance, hawa-hawa, har abin ya zama kamar kifaffen kwando. Abin rufi kuma ya danganta da lokaci da wuri. Da rani karan dawa ko na gero ya wadatar. Da damina sai ciyawa irin su gamba da shuci, a jera daga ƙasa zuwa sama yadda ruwa zai zurare. Waɗanda suka fi yawan tashi kuwa tabarmi da zana suke lulluɓawa, domin su ake iya naɗewa a tafi da su. Ayarin da ya sauka da hantsi, kafin la'asar ta yi sanyi za ka ga hayaƙi na tashi a ƙofar ɗakuna.

Akwai wata ƙa'ida a nan da ta kamata a lura da ita. Inda itace yake da yawa, ba a wahalar da dabba da ɗaukar sanduna, ana barin ƙwarangwal ɗin ɗakin a tsaye a tafi da tabarmi da gado da ƙore kawai, a sari sababbi a gaba. Inda daji ya yi ƙaranci, kamar can arewa cikin Nijar, har sandunan ake kwancewa a ɗaure a tafi da su. Wato maginar tana auna nauyin kayanta da ƙarfin dabbarta da abin da za ta tarar a gaba. Lissafin da ya sa Baturen Mayenne ya kwantar da bangon ɗakinsa ke nan, illa dai shi ƙarfin inji yake dubawa, ita kuwa bayan takarkari.

Tsarin rugar ma ba a kan ka ake yin sa ba. Ƙofa tana kallon yamma, inda garke yake. Dangwali, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa, ana miƙe ta daga arewa zuwa kudu, ita ce iyaka tsakanin ɓangaren maza da shanu a yamma da ɓangaren mata a gabas. Woɗaaɓe, waɗanda muke kira Bararoji, sun rage kayan har ya kai sau da yawa ba su yin rufi sam, sai shingen rassa a baya, da gado mai kwancewa, da wani tebur da suke kira saga inda mace ke jera ƙorenta masu zane. Duk macen Bahaushe da ta san jere za ta gane abin da saga ke nufi. Turawa masu bincike sun rubuta wannan tsari, cikinsu akwai C. E. Hopen wanda ya zauna da makiyayan ƙasar Gwandu, maƙwabtanmu na kusa, ya fitar da littafinsa a 1958, da Derrick Stenning a kan Woɗaaɓen Barno a 1959, da Marguerite Dupire a kan na Nijar a 1962.

Tantin Buzaye

Idan aka haura arewa da Tawa, cikin Azawak, sai a shiga ƙasar tantin fata. Buzaye suna ɗinka shi da fatun awaki da na tumaki, a jeme su da bagaruwa kamar yadda majemanmu na Sakkwato ke yi, a yanke, a harhaɗa da zaren fata, sannan a shafe shi da man shanu da jar ƙasa domin ya yi laushi ya kuma hana ruwa shiga. Tanti ɗaya yakan ci fatu talatin zuwa arba'in, na masu hali ya fi haka. A ƙasar Azbin kuwa, wajen Agadas, tabarmin kaba suke lulluɓawa a kan sanduna masu lanƙwasa, kusan irin na Fulani. A kewaye ana tsayar da wata doguwar tabarma ta ƙaran ciyawa da aka saƙa da zaren fata domin tare iska da yashi. Sunanta a yarensu shi ne ya zama asabari a bakinmu, kamar yadda masana harshe suka nuna mun aro takobi da raƙumi daga wajensu.

A nan aikin ya kasu. Dirkoki da ƙafafun gado maƙeransu ne ke sassaƙawa, waɗanda suke kira inadan, matan maƙeran kuma su ne gwanayen aikin fata. Amma tantin kansa uwar amarya da danginta mata ne ke tara kayansa su haɗa shi kafin biki. Kalmar ehen a wurinsu tana nufin tanti, tana kuma nufin aure, wanda ya ce ya yi ehen to ya yi aure ke nan. Ango shiga yake yi ɗakin matarsa a matsayin baƙo. Idan auren ya mutu, ta kwance abinta ta ɗora wa jaki ta koma wajen iyayenta, shi a bar shi a fili da rawaninsa. Wani Bafaranshe, Dominique Casajus, ya rubuta littafi guda a 1987 a kan wannan al'amari a tsakanin Kel Ferwan na kusa da Agadas.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ya yi nisa da mu. Mu ma da muke gina da ƙasa, gida na miji ne amma ɗaki na mata ne. Muna cewa an kai ta ɗakinta, muna cewa kayan ɗaki, kuma iyayenta ne ke yin su, ranar rabuwa kuwa da su take fita. Bambancin kawai shi ne tamu ba ta iya tafiya da bango. Hatta kalmominmu suna ɗauke da tarihin. Laima daga Larabci take, asalinta tanti take nufi kafin ta koma abin kare rana. Tanti kuwa sai zuwan Turawa muka same ta.

Daular da aka kafa daga bukka

Mu mutanen wannan yanki muna da wani dalili na musamman da zai sa mu girmama bukka. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Wani malami Buzu mai suna Agali yana cikin waɗanda suka taimaka da raƙuman da suka ɗauki littattafan Shehu, Fulanin yankin Ƙonni a ƙarƙashin Aliyu Jedo kuma suka tsaya wa jama'a. Daga nan har shekaru masu yawa jama'ar Shehu ba su da birni. An yi yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, aka sha wuya a Tsuntsuwa a ƙarshenta, aka gangara Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sannan aka sauka Gwandu a 1805. A duk wannan tafiya da mata ake yi, da yara, da tsofaffi, da littattafai. Nana Asma'u tana yarinya 'yar kimanin shekara 10 aka fara ta.

Littattafan jihadi sun ba mu sunayen masu tuta da na shahidai. To amma a kowane zango sai wani ya sari sanda, ya yanki ciyawa, ya kafa inda malamai za su kwana su ajiye takardu kada ruwa ya taɓa. Ganin yawancin jama'ar nan sun fito daga gidajen da mace ce ke kafa ɗaki, ni dai ba na shakkar hannun waɗanda suka yi mafi yawan aikin.

Bayan an ci Alƙalawa a 1808 ne aka fara zama. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga, duk nan kusa da mu. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817 sai ya ɗauki manufar zaunar da makiyaya. Ya kafa ribaɗoɗi irin su Wurno, ya ƙarfafa wa Fulani gwiwa su gina garuruwa, su sa 'ya'yansu karatu, su riƙa kiwon dawaki da ƙananan dabbobi waɗanda ba su bukatar doguwar tafiya. Wannan shi ne babban sauyi na farko da ya samu gida mai naɗewa a ƙasarmu. Da yawa daga cikin garuruwan da ke kewaye da mu rugage ne da suka daina tashi. Sarautar Arɗo, wadda asalinta jagoran ayarin makiyaya ne mai shiga gaba, ta zama sarautar gari mai fada, kamar Arɗon Dingyadi a ƙasar Boɗinga da Arɗon Shuni. Garin Shagari ma, kamar yadda aka sani daga tarihin marigayi Shugaba Shehu Shagari, kakan mahaifinsa Ahmadu Rufa'i ne ya kafa shi, daga gidan Fulani.

Zuwan Turawa da abin da ya biyo baya

Turawan farko da suka ratsa ƙasarmu su ma da gidansu a naɗe suka zo. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Boɗinga a 1853 a hanyarsa daga Sakkwato zuwa Gwandu, da tantinsa cikin kaya. Bayan an ci Sakkwato a watan Maris na 1903, joji da di'o suka riƙa fita rangadi da gado mai naɗewa, da kujera da tebur masu naɗewa, har da bahon wanka na tamfol. Sai dai nasu a kan kawunan 'yan dako yake tafiya. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke fitar da su rangadin kuwa shi ne ƙidayar shanu domin jangali, saurin naɗewar bukka kuma ya sha taimakon makiyayi ya tsallake zuwa wata ƙasa kafin mai ƙidaya ya iso.

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, amma kaɗan ne daga cikinsu aka tabbatar a hukumance, jama'a kuma suka yi ta ƙaruwa, gonaki suka riƙa cin burtali da mashaya. Sai farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo, ga annobar bushiya ta 1983 a tsakani. Waɗannan shekaru su suka karya tantin fata. Wanda awakinsa suka mutu ina zai samu fata arba'in? Buzaye da yawa suka gangaro Sakkwato da Kano da sauran birane suka kama gadi, shi ya sa yaran birni na yau suka ɗauka Buzu mai gadi ne tun asali, ba su san ya taɓa mallakar gida mafi tsada a hamada ba.

Akwai lokacin da hukuma ta yi ƙoƙarin koyo daga makiyaya, kuma ya kamata a yaba. An ƙaddamar da shirin ilimin makiyaya a 1986, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, aka kafa hukumarsa ta ƙasa a 1989 mai hedikwata a Kaduna, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kuma ta samu ɗaya daga cikin cibiyoyinta. Cikin dabarun da aka gwada har da ajujuwa masu naɗewa, waɗanda ake harhaɗawa ko a kwance cikin kamar rabin sa'a, a ɗora wa takarkari su bi ruga duk inda ta nufa. Tunani ne mai kyau ƙwarai, wato maimakon a ce yaro ya zaɓi ɗaya tsakanin shanun ubansa da allo, sai makaranta ta bi shi. Da tafiya ta yi tafiya akasarin makarantun sun koma na gini a wuri ɗaya, domin samun malamin da zai jure rayuwar ruga ya fi ƙera ajin wuya.

Halin da ake ciki

Yau idan ka je ruga abin da za ka fara gani shi ne leda da tamfol, baƙi ko shuɗi, an lulluɓa a kan sandunan. Ba na zargin matan da suka koma gare su. Tabarmar rufi tana cin makonni ana saƙa, leda kuwa a kasuwa ake yanko ta, ba ta da nauyi, ba ta yoyo. Gamba da geza ma sun ja baya, domin dajin da ake samun su ya zama gona. Illarta ita ce da rana ɗakin yakan zama kamar tanda, tabarma kuwa tana numfashi. Babbar illar kuma ita ce yarinyar da ta tashi a ƙarƙashin leda ba za ta koyi saƙar da kakarta ta iya ba, sana'ar da ba a rubuta ba kuwa tsallake ɗaya ya ishe ta ɓacewa.

Ba kuma zan yi wa rayuwar ado ba. Aiki ne mai wuya, a wuyan mata yake, mace da goyo ko da tsohon ciki ita ce za ta kwance ta ɗaure ta sauke ta kafa. Wata dattijuwa da ke kawo mana nono, wadda muke kira Goggo, ta zauna a gidan ƙasa mai rufin kwano a ƙarshen rayuwarta. Na taɓa tambayar ta, na ce, “Goggo, ba ki kewar tashi?” Ta yi dariya ta ce bayanta ba ya kewa, amma hannunta yana yi. Duk wanda ya zaɓi ya zauna domin 'ya'yansa su yi karatu su samu asibiti, ya yi daidai.

Abin da ya fi ciwo shi ne wanda aka tayar ba da son ransa ba. Rikicin 'yan bindiga da ya taso daga Zamfara wajen 2011 ya bazu har gabashin Sakkwato, ya tashi ƙauyukan manoma da rugagen makiyaya baki ɗaya. A 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka. A wannan shekara ce kuma kalmar ruga ta zama abin faɗa a siyasar Nijeriya, har gwamnatin tarayya ta dakatar da shirinta mai wannan suna a watan Yuli. Manomin da kakanninsa ba su taɓa kwana a tanti ba, yau shi ne a ƙarƙashin tamfol ɗin agaji. Baturen da ya ƙera karaban hutu ya fitar da shi, Bafulatanar da ta kafa bukka ciyawa da ruwa suka fitar da ita, ɗan gudun hijira kuwa tsoro ne, Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Kammalawa

Wata masaniyar gine-gine Ba'amurkiya, Labelle Prussin, ta fitar da littafi a 1995 a kan gidajen makiyayan Afirka, inda ta nuna cewa mata su ne masu zana su, masu gina su, kuma masu mallakar su, abin da ya sa malaman tarihin gini suka daɗe ba su ɗauke su a bakin komai ba. Ko ita ɗin ba za ta iya ba mu sunan wadda ta fara tanƙwara geza ta lulluɓa tabarma ba, wannan ya riga ya wuce. Amma na yanzu ba su wuce ba. A gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai an kafa samfurin gidajen gargajiya na ƙabilun Nijar a fili, kowa na iya gani. A Ingal, duk watan Satumba idan makiyaya suka taru shan gishiri, ana ganin tantuna da gadaje da saga a hannun masu su. A Sakkwato muna da gidan tarihi na Waziri Junaidu mai ɗimbin takardu, zai yi kyau a ce a harabarsa akwai bukka guda da tanti guda da aka kafa yadda ya kamata, da sunan matar da ta kafa kowanne a rubuce a gefensa.

Kirana ga marubutanmu ne, musamman mata, domin su ne ke iya shiga inda namiji ba ya shiga. Muna rubuta labaran da jarumarsu ke zaune a gidan sama a Abuja ko Dubai, ga kuwa labari a bayan garinmu na macen da ta gina gida ɗari a rayuwarta ba ta bar ko ɗaya a tsaye ba. A je a zauna da su, a tambayi sunan kowace sanda da kowane ƙulli, a tambayi wa ya koya musu, a wace shekara, a wane daji, a rubuta da sunayensu idan sun yarda. Waɗanda suka iya aikin tabarma tun kafin farin 1973 yanzu sun haura shekara 65, kullum kuma raguwa suke yi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.